Yadda Ake Rage Nauyin da Kwamfutocin Baƙi Ke Ɗora wa Saba a Linux

Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi da sari a wajajen Mile 12 a Legas ya kira ni wata ranar Talata, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, injin nan da aka sayo mini a Ikeja an ce ya fi kwamfuta goma ƙarfi, amma yaran ofis sai su danna rasit, su je su yi alwala su dawo bai fito ba." Na hau mota na je. Saba ce, wato babbar kwamfutar da sauran na ofis ke dogara da ita, tokunbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje), mai furosesa biyu, RAM ɗinta ya isa har ya yi saura. Wanda ya haɗa ta ya zuba kwamfutocin baƙi guda biyar a cikinta, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira da manhaja a cikin inji ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na duba ko'ina ban ga abin da ya lalace ba. An dai bar kowane saiti yadda ya zo ne.

Irin wannan aikin na yi shi a Agege, na yi a Yaba, na yi a Apapa, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne. Ga yadda nake bi, ga wanda yake amfani da KVM da QEMU da libvirt a kan Linux, wato KVM mai gudanar da baƙi, QEMU mai kwaikwayon na'urorinsu, libvirt kuma mai riƙe saitinsu. Mai Proxmox ma zai amfana, domin KVM ɗin ne a ƙarƙashinsa.

Kafin mu fara, akwai abu ɗaya da dole ka riƙe. Ainihin injin shi ne mai masauki, kwamfutocin da aka ƙirƙira a cikinsa su ne baƙi. Tun da KVM ya shiga kenel ɗin Linux, wato zuciyarsa mai sarrafa ƙarfen injin, a fitowar 2.6.20, a shekarar 2007, baƙo yana yin lissafinsa kai tsaye a kan furosesa, ba mai fassara masa. Amma da zarar ya taɓa abin da ba nasa ba, kamar faifai ko katin netwok ko agogo, sai furosesa ta tsayar da shi, ta miƙa maganar ga kenel ɗin mai masauki. Wannan tsayarwar ce zan riƙa kira fita. Wata fitar kenel yakan gama da ita nan take. Wata kuma sai an aika har wurin QEMU, kuma ita ce mai tsada. Baƙon da kowane kofin ruwa sai ya ƙwanƙwasa ƙofar maigida, shi bai sha da wuri ba, maigida bai huta ba. Aikinmu duka shi ne rage yawan ƙwanƙwasa ƙofar, da rage daɗewar kowace.

Kayan da za ka tanada

- Ikon root a kan mai masauki, da hanyar isa gare shi ko da netwok ya yanke, wato allo da kibod, ko na'urar sarrafa saba daga nesa, iDRAC a Dell, iLO a HP.
- Manhajojin awo: `perf`, `fio`, `iperf3`, `sysbench`, `numactl`, `lm-sensors`. A Debian `perf` yana cikin `linux-perf`, a Ubuntu kuma `linux-tools-generic`.
- Faifan direbobi na `virtio-win`, in kana da baƙon Windows. Sauke shi tun kana gida, kada ka dogara da intanet ɗin ofishin mutane.
- Faifan waje da zai ɗauki kwafin baƙin gaba ɗaya.
- Littafi da biro. Da gaske nake.
- Wuta tsayayya. In ba inbata ko UPS mai lafiya, ka sa a tayar da janareta kafin ka fara.

Ka kuma nemi lokacin da ba a ciniki. Ni daren Asabar nake so, don in abu ya cije ina da Lahadi.

1. Ɗauki kwafi tukuna

Kashe baƙon, kwafi fayil ɗin faifansa zuwa faifan waje, sannan ka adana saitinsa (`lissafi` shi ne sunan baƙon a misalaina, sa naka a wurinsa):

```
virsh dumpxml lissafi > lissafi-asali.xml
```

In ka yi ɓarna daga baya, `virsh define lissafi-asali.xml` zai mayar da kai inda ka taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Duba ƙarfen kansa kafin ka zargi kenel

Shiga BIOS, F2 a sabobin Dell, F9 a HP ProLiant. Tabbatar an kunna VT-x ko AMD-V, da VT-d ko IOMMU, wato saitunan da ke ba furosesa damar taimaka wa baƙi. Nemi saitin wuta ka mayar da shi kan cikakken aiki. Sabobin da ake kawowa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da yawa suna zuwa da saitin tsimin wuta na inda suka fito, furosesa tana ta gyangyaɗi, kafin ta farka baƙo ya gaji da jira. In ka ga Node Interleaving a kunne, kashe shi, za ka ga dalili a mataki na 7.

Sai zafi. A Legas ba wasa ba ne. Na taɓa kwashe rabin yini ina bin saituna, ashe an tura sabar ƙarƙashin tebur a ɗakin da na'urar sanyayawarsa ta mutu tun watan jiya, ƙura ta toshe mata gaba kamar an liƙa bargo. Furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Buga `sensors` ka ga zafin, sannan a injin Intel ka duba:

```
cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/core_throttle_count
```

In lambar tana hawa, ajiye wannan rubutun ka nemo bulowa.

3. Tabbatar KVM ne ke aiki, ba kwaikwayo ba

```
ls -l /dev/kvm
virt-host-validate
virsh dumpxml lissafi | head -1
```

Layin farko na saitin baƙo ya zama `<domain type='kvm'>`. In ka ga `type='qemu'`, to ka kama ɓarawon. Ma'anarsa QEMU yana fassara kowane umarni da manhaja, furosesa ba ta taimaka masa. Yakan faru in an ƙirƙiri baƙon a lokacin da VT-x ke kashe a BIOS, aka kunna daga baya, ba wanda ya koma ya gyara. Canza kalmar kawai ya isa ya sa mai injin ya ɗauka ka yi masa sihiri.

Daga nan duba ko furosesa tana taimakawa wajen fassara adireshin RAM:

```
cat /sys/module/kvm_intel/parameters/ept
cat /sys/module/kvm_amd/parameters/npt
```

Na farko na Intel ne, na biyu na AMD. Ya kamata ka ga Y ko 1. Intel ta kawo wannan taimakon, mai suna EPT, tun furosesocin Nehalem a 2008, don haka kusan duk sabar Intel da za ka tarar a kasuwa tana da shi, sai dai in wani ya kashe.

4. Yi awo, ka rubuta

Nan ne yawancin yaran da nake koya wa suke son tsallakewa, kuma nan ne ba na yarda. Wanda bai auna ba, ba zai san ko gyara ya yi ko ɓarna ba, sai dai ya ce "kamar ya fi sauri".

A cikin baƙon Linux, buɗe `top` ka dubi lambar `st` a layin furosesa. Ita ce lokacin da baƙo yake shirye ya yi aiki amma mai masauki ya ba wani wurin. In tana zaune a sifili ko kusa, lafiya. In tana hawa a lokacin ciniki, baƙi ne ke rububin furosesa.

Auna faifai:

```
fio --name=gwaji --filename=/root/gwaji.dat --size=4G --rw=randread --bs=4k --iodepth=32 --ioengine=libaio --direct=1 --runtime=60 --time_based
```

Hattara: kada ka taɓa sa `/dev/sda` ko `/dev/vda` a wurin sunan fayil in gwajin na rubutu ne. Zai bi ta kan bayanan mutane ya wuce, ba zai tambaye ka ba.

Auna netwok da `iperf3 -s` a wata kwamfuta, da `iperf3 -c` da adireshinta a cikin baƙo. Auna furosesa da `sysbench cpu run`. Maimaita gwajin nan uku a kan mai masauki shi kansa, domin tazarar da ke tsakanin nasa da na baƙo ita ce ainihin kuɗin hayar da kake biya.

Sai babban awo, a kan mai masauki, lokacin da baƙo yake cikin aiki:

```
perf kvm stat record -a sleep 30
perf kvm stat report
```

Zai jero maka dalilan fita, da yawan kowanne, da lokacin da ya ci. Ga yadda nake karanta sunayen a Intel. `IO_INSTRUCTION` mai yawa yana nuna baƙo yana magana da tsofaffin na'urorin kwaikwayo, maganinsa mataki na 5. `EPT_VIOLATION` da ba ya sauka bayan baƙo ya daɗe da tashi, maganar RAM ce, mataki na 8. `PAUSE_INSTRUCTION` yana nufin wani zaren baƙo, wato ɗaya daga cikin layukan aikinsa, yana jiran ɗan'uwansa da aka sauke daga furosesa, mataki na 7. `MSR_WRITE` galibi agogo ne da saƙonnin da ƙwayoyin furosesa, wato ƙananan furosesocin da ke cikinta, ke aika wa juna, mataki na 9. `HLT` kuwa kada ya tsorata ka ko da ya cinye mafi yawan lokacin, baƙo ne ba shi da aiki ya kwanta. A AMD sunayen sun ɗan bambanta, za ka ga `io`, `npf`, `pause`, `msr`, `hlt`.

In `perf` ya ƙi shiga, `kvm_stat` zai nuna maka ƙidayar, ko da babu lokacin.

Daga nan zuwa ƙarshe: canji ɗaya, awo ɗaya, layi ɗaya a littafi.

5. Sauya na'urorin kwaikwayo da virtio

A injin Alhajin Mile 12, wannan matakin ne ya ɗauke mafi yawan ciwon. Baƙin duka suna kan faifan SATA na kwaikwayo da katin netwok e1000. QEMU yana yin kamar shi ne ainihin katin Intel na da can, baƙo kuma yana rubuta masa umarni ɗaya bayan ɗaya kamar yadda zai yi wa ƙarfe, kowane rubutu fita ce. Virtio ba ya wannan wasan ɓuya. Baƙo ya san baƙo ne, sai ya tara buƙatunsa a wani layi da ke cikin RAM wanda su biyun ke gani, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, mai masauki ya kwashe duka.

Buɗe `virsh edit lissafi`. Katin netwok ya koma haka:

```
<interface type='bridge'>
  <source bridge='br0'/>
  <model type='virtio'/>
  <driver name='vhost' queues='4'/>
</interface>
```

Kalmar `vhost` tana sa kenel ya ɗauki jigilar da kansa, ba sai an bi ta QEMU ba. Yana cikin Linux tun 2.6.34. Yawan `queues` kada ya wuce yawan furosesar da ka ba baƙon. A cikin baƙo, `ethtool -l` da sunan katin zai nuna ko duka layukan suna aiki, in ba haka ba `ethtool -L eth0 combined 4` zai buɗe su. Ka bar layin `mac address` yadda yake, kada ka goge.

Faifai kuma layin `target` ɗinsa ya zama `<target dev='vda' bus='virtio'/>`. In akwai tsohon layin `address` a ƙarƙashinsa, goge shi, libvirt zai rubuta sabo.

Ga ramuka biyu da mutane ke faɗawa. A baƙon Linux, sunan faifai zai tashi daga `sda` ya koma `vda`. In `/etc/fstab` da tsohon sunan aka rubuta shi, baƙo ba zai tashi ba. Duba da `blkid`, ka mayar da komai kan UUID kafin ka canza.

Na Windows ya fi zafi. Windows ba ya zuwa da direban virtio. In ka canza faifan kai tsaye, shuɗin allo ne zai gaishe ka, yana cewa bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Dabarar ita ce ka bar babban faifan a SATA tukuna, ka ƙirƙiri ƙaramin faifai na 1GB ka jona shi a matsayin virtio, ka sa faifan `virtio-win`, ka tayar da Windows ka girka direban `viostor` da na netwok `NetKVM`. Kashe shi, cire ƙaramin faifan, yanzu ka mayar da babban kan virtio. Kuma ka rubuta adireshin IP ɗinsa a littafi kafin ka canza katin, domin Windows zai ɗauka sabon kati ne ya manta da tsohon adireshi. Na taɓa mantawa da wannan. Safiyar Litinin kwamfutoci goma sha ɗaya suna neman manhajar lissafi a adireshin da babu kowa, ni kuma ina cikin gosulo a kan gadar Third Mainland, waya tana ta ƙara.

A Proxmox, zaɓi VirtIO SCSI single ga faifai da VirtIO ga netwok. Direban da Windows ke buƙata a nan shi ne `vioscsi`.

6. Gyara hanyar faifai

```
<driver name='qemu' type='raw' cache='none' io='native' iothread='1'/>
```

Sannan ka ƙara `<iothreads>1</iothreads>` a sama, kusa da layin `vcpu`. Da `cache='none'`, mai masauki ba zai sake ajiye abin da baƙo ya riga ya ajiye a nasa RAM ɗin ba. `io='native'` ba ya aiki sai da shi ko `directsync`. Zaren `iothread` kuma yana ware wa faifai nasa ma'aikacin, ba sai ya bi layi da sauran hidimomin QEMU ba. Kenel 5.1 zuwa sama da QEMU 5.0 zuwa sama suna da `io='io_uring'`, gwada ka auna, wani lokaci ya fi, wani lokaci duk ɗaya.

Raw da qcow2 nau'o'in fayil ɗin faifan baƙo ne. `type='raw'` sai in fayil ɗin raw ne da gaske. In qcow2 ne, ko ka bar shi `qcow2`, ko ka juya shi baƙo yana kashe:

```
qemu-img convert -p -O raw lissafi.qcow2 lissafi.img
```

Za ka rasa hotunan ajiya (snapshots) da ke cikin qcow2. Ga baƙon da ke riƙe rumbun bayanai ina juyawa, ga sauran ban cika damuwa ba.

Za ka ga masu ba da shawarar `cache='unsafe'`, kuma lambobin `fio` za su yi kyau har ka yi murmushi. Saitin nan yana yin watsi da umarnin baƙo na cewa a tabbatar rubutu ya sauka a faifai. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma mai canza layi zuwa janareta yana iya kasancewa ya je sayen abinci, wannan saka hannu a wuta ne. Ban yarda da shi ba sai lokacin girka sabon baƙo, in gama in cire.

Abu ɗaya kuma da ya shafi tokunbo musamman: batirin katin RAID, wato katin da ke sarrafa faifan sabar. Yawancinsu sun tsufa kafin su iso Apapa. In batirin ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ma'ajiyarsa, ya koma jiran faifai a kowane rubutu. Duba halinsa a iDRAC ko iLO. Sabon batiri ya fi kowane saitin kenel amfani a nan. Kada ka tilasta wa katin ya ci gaba da tarawa ba batiri.

7. Rabon furosesa

Fara da nau'in furosesar da baƙo ke gani:

```
<cpu mode='host-passthrough'>
  <topology sockets='1' cores='2' threads='2'/>
</cpu>
```

Haka baƙo zai ga duk baiwar furosesar, har da AES da AVX da PCID. In kana ƙaurar da baƙi suna kunne tsakanin sabobi masu furosesa daban-daban, yi amfani da `host-model` ko nau'in da duka suka iya. Layin `topology` yana da muhimmanci ga Windows 10 Pro, wanda ba ya amfani da soket, wato mazaunin furosesa guda a jikin inji, fiye da 2. In ba ka rubuta ba, libvirt yana iya nuna kowace furosesa a matsayin soket, ka ba shi 8 ya ɗauki 2 ya bar sauran.

Sai yawan da za ka bayar. Mutane suna ɗauka yawa shi ne alheri, sai a ba kowane baƙo 16 a injin da ke da zare 32, baƙi biyar. Abin da ke biyo baya shi ne, wani zaren baƙo yana riƙe da makulli, mai masauki ya sauke shi don ya ba wani baƙon wuri, 'yan'uwansa su tsaya suna juyi suna jiransa, suna ƙona lokaci a banza. Sau da yawa na rage baƙo daga 16 zuwa 4 ya ƙara sauri. Sai da na nuna wa Alhaji lambobin a littafi kafin ya yarda, don cewa ya yi, "Malam, ragewa kuma? Ai ƙari na kira ka ka yi."

Yanzu NUMA. A saba mai furosesa biyu, kowace tana da RAM ɗin da ke gefenta. Tana iya ɗebo na ɗayar, amma sai ta tsallaka gada. Duba taswirar:

```
numactl --hardware
lscpu -e
```

Kada ka yi zato. A sabobin Dell da yawa lambobi masu cika, 0, 2, 4, suna gefe ɗaya, marasa cika suna ɗaya gefen, wasu injunan kuma a jere suke. A injin mai zare 32 da na yi wa aiki, 2 da 18 tagwaye ne a ƙwaya ɗaya, 4 da 20 ma haka, duka a gefen 0. Don haka:

```
<vcpu placement='static'>4</vcpu>
<cputune>
  <vcpupin vcpu='0' cpuset='2'/>
  <vcpupin vcpu='1' cpuset='18'/>
  <vcpupin vcpu='2' cpuset='4'/>
  <vcpupin vcpu='3' cpuset='20'/>
  <emulatorpin cpuset='0,16'/>
  <iothreadpin iothread='1' cpuset='0,16'/>
</cputune>
<numatune>
  <memory mode='strict' nodeset='0'/>
</numatune>
```

Ƙwaya ta farko na bar wa mai masauki da ma'aikatansa. Ɗaure baƙo a wuri ba ya hana wasu baƙin shiga wurin, sai ka ba sauran nasu jerin lambobin da bai haɗa da waɗannan ba. Ba kowane baƙo nake ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya ba, sai wanda cinikin ya dogara da shi. Sauran nakan ba su gefe guda su yi ta yawo a ciki. Akwai `isolcpus` da `nohz_full` ga mai son ware ƙwayoyi gaba ɗaya, amma ga aikin ofis ban taɓa buƙatarsu ba.

8. Manyan shafukan RAM

Ana raba RAM shafi-shafi, kowanne 4KB. A kan ƙarfe, in furosesa ba ta tuna inda shafi yake ba, takan leƙa tebur sau 4 ta samo shi. A cikin baƙo teburan biyu ne, nasa da na mai masauki, leƙen yana iya kaiwa 24. Babban shafi na 2MB yana maye gurbin ƙanana 512, don haka mantuwar takan ragu, hanyar neman ma ta gajarta.

Hanya mai sauƙi, duba wannan:

```
cat /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled
```

In yana kan `always` ko `madvise`, QEMU yana samun manyan shafuka gwargwadon abin da kenel ya iya haɗawa. Ga yawancin baƙi wannan ya wadatar.

Ga baƙo mai rumbun bayanai, nakan ware masa tun farko. Baƙon 16GB yana buƙatar shafi 8192. Sa `vm.nr_hugepages` a wani fayil cikin `/etc/sysctl.d/`, ka ƙara `<memoryBacking><hugepages/></memoryBacking>` a saitin baƙo, ka sake tayar da injin. Ga tarkon: kenel yakan raba adadin tsakanin gefe biyun NUMA, 4096 nan 4096 can. Kai kuma ka ɗaure baƙo a gefen 0 da `strict`, sai ya ƙi tashi. Ko ka ninka adadin, wanda asara ce, ko ka ware a gefen da kake so kafin baƙo ya tashi:

```
echo 8192 > /sys/devices/system/node/node0/hugepages/hugepages-2048kB/nr_hugepages
```

Wannan layin ba ya tsira bayan an sake tayarwa, sai ka sa shi a cikin abin da ke gudana da wuri lokacin tashi. RAM ɗin da ka ware kuma ya fita daga hannun kowa, ko baƙon yana kashe. Ka bar wa mai masauki abin da zai numfasa, in ba haka ba ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

In RAM ya wadata, kashe KSM da `echo 0 > /sys/kernel/mm/ksm/run`, ka tsayar da `ksmtuned` in yana nan. Aikinsa neman shafuka masu kama da juna ya haɗe su, yana cin furosesa, yana farfasa manyan shafuka. In RAM ya yi ƙaranci kuma baƙin iri ɗaya ne, bar shi, ya fi mai masauki ya koma ajiya a faifai.

9. Agogo da barcin baƙo

A baƙon Linux:

```
cat /sys/devices/system/clocksource/clocksource0/current_clocksource
```

`kvm-clock` ko `tsc` lafiya. `hpet` ko `acpi_pm` na nufin kowane duba agogo fita ce.

Windows kuma KVM yana iya yi masa magana da yaren Hyper-V, wato manhajar gudanar da baƙi ta Microsoft. A cikin `<features>`, ba tare da ka goge `acpi` da `apic` ba:

```
<hyperv>
  <relaxed state='on'/>
  <vapic state='on'/>
  <spinlocks state='on' retries='8191'/>
  <vpindex state='on'/>
  <synic state='on'/>
  <stimer state='on'/>
</hyperv>
```

A cikin `<clock>` ka sa `<timer name='hypervclock' present='yes'/>` da `<timer name='hpet' present='no'/>`. `stimer` ba ya tafiya sai da `synic` da wannan agogon. Baƙon Windows da ke zaune ba ya komai amma yana cin furosesar mai masauki, galibi wannan ne maganinsa.

Duba kuma `/sys/module/kvm_intel/parameters/enable_apicv`. Xeon E5 v2 zuwa sama suna da shi, yana sa a isar wa baƙo da saƙonnin katsewa ba tare da fita ba. Sabar Dell R720 mai furosesar E5 ta farko ba ta da shi, ba yadda za ka yi. Takwaransa a AMD shi ne `avic`.

Akwai `halt_poll_ns` a `/sys/module/kvm/parameters/`, wanda yake zuwa da 200000, wato mikrosakan 200. Kafin a kwantar da baƙon da ya ce ba shi da aiki, kenel yakan ɗan jira ko aiki zai zo. Ɗaga shi yana rage jinkirin amsa, amma furosesa tana ƙona wuta tana jiran. Wanda ke sayen dizal ya yi lissafi kafin ya taɓa.

10. Maganar kariya

Tun da aka bayyana ramukan tsaro na furosesa, wato Spectre da Meltdown a Janairun 2018, da L1TF a Agustan shekarar, kenel ya ƙara matakan tsaro da suka sa kowace fita ta ƙara tsada, musamman a tsofaffin Xeon irin waɗanda muke saye. `grep . /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/*` zai nuna maka abin da ke kunne. Daga Linux 5.2 akwai `mitigations=off` mai kashe su gaba ɗaya, kuma lambobi za su tashi.

Ni ba na sa shi a injin kowa. Wasu daga cikin ramukan nan suna ba baƙo damar leƙa abin da ke RAM ɗin mai masauki ko na maƙwabcinsa. In kana ba mutane haya, ko ɗaya daga cikin baƙin yana fuskantar intanet, ko ma'aikata suna buɗe saƙonni a cikinsa, rufe maganar. Rage yawan fita da matakan baya shi ne halastacciyar hanyar rage wannan harajin, tunda a bakin ƙofa ake karɓarsa.

11. In har yanzu bai isa ba

Miƙa wa baƙo ainihin na'urar. Da `intel_iommu=on iommu=pt` a layin tashin kenel, VFIO, tsarin kenel mai miƙa na'ura, zai ba shi katin netwok ko faifan NVMe kacokan. Sauri kamar na ƙarfe, amma na'urar ta zama tasa shi kaɗai, kuma ƙaura yana kunne ta zama wahala. Kada ka miƙa katin da kake shiga sabar ta kansa, za ka kulle kanka a waje.

Ko kuma ka tambayi kanka ko aikin yana buƙatar baƙo ma. Biyu daga cikin baƙin Alhaji ƙananan hidimomin Linux ne, na mayar da su kwantenar LXC, wadda ke amfani da kenel ɗin mai masauki, babu fita sam. Windows dai dole ya zauna baƙo.

12. Sa gyaran ya zauna

Abin da ka rubuta da `echo` yana gushewa in injin ya mutu ya tashi, kuma a nan zai mutu ya tashi ko ba ka so. Girka `tuned`, ka ba mai masauki `tuned-adm profile virtual-host`, baƙin Linux kuma `virtual-guest`. Saitunan KVM su shiga `/etc/modprobe.d/`. Canjin `virsh edit` ba ya kama aiki da sake tayarwa daga cikin baƙo, sai an kashe shi gaba ɗaya an kunna.

Bayan haka kashe sabar duka, cire mata wuta na minti ɗaya, ka kunna, ka tsaya ka ga kowane baƙo ya tashi da kansa ba ka taɓa ba. Wanda bai tashi ba, `virsh autostart` da sunansa, in kuma mai manyan shafuka ne, duba ko an ware su kafin libvirt ya fara. Maimaita `fio` da `iperf3` da `perf kvm stat`, ka rubuta sababbin lambobin kusa da na farko. Shafin nan nakan ɗauki hotonsa in tura wa mai injin, ainihin takardar kuma in liƙa ta a jikin sabar da selotef, tare da kwanan wata da lambobin ƙwayoyin da na ɗaure kowane baƙo a kai.